Yadda za ka bi diddigin tarihin 'yan doka da 'yan sandan Kano tun masu labarin suna raye

Shekarun baya da kakarmu ta rasu, Allah ya jiƙanta da rahama, muka shiga gyaran ɗakinta bayan an yi sadakar arba'in, can ƙarƙashin gadon ƙarfe muka jawo wata adaka da tsatsa ta gama cinye gindinta. Mukulli ya ɓata tun tuni, sai da aka kira yaro ya zo da guduma ya fasa kwaɗon. Abin da ke ciki ba yawa: usur na ƙarfe da 'yar sarƙarsa, da kan bel da ya yi baƙi ƙirin, da takarda guda da aka ninke gida huɗu har ta soma rabewa a gurin ninkin, sai hoto ɗaya na samari bakwai a jere sun ƙame, kowa da gajeren wando. Mu dai tun tasowarmu abin da muke ji shi ne kakanmu ɗan sanda ne, ni ban ma riske shi ba. Da na ɗauki hoton na kai wa wani dattijo a unguwarmu da ya yi zamani da shi, ya daɗe yana kallo, ya matso da shi daf da idonsa, sannan ya ce min, "Yaro, wa ya ce maka ɗan sanda ne? Wannan ai ɗan doka ne. Mutumin sarki ne, ba na gwamna ba."

Wannan maganar ita ta sa ni a hanya, kuma ita ce abu na farko da nake so duk mai niyyar wannan binciken ya riƙe, ko ɗalibi ne mai rubutun kammala karatu, ko kuma irina ne mai neman labarin kakansa. Kano ta daɗe da masu tsaro iri fiye da ɗaya a lokaci guda, kowanne da ubangidansa da iyakarsa da inda ake ajiye takardunsa, in ka haɗe su ka kira su duka 'yan sanda to wallahi za ka yi wata da watanni kana nema a inda babu.

Akwai dogari, shi ne na asali, tun kafin Turawa. Dogarai su ne masu tsaron sarki da fada, su ake aika su kamo mai laifi, su kai saƙo, su tsare kasuwa, su zartar da hukunci, shugabansu Sarkin Dogarai, kuma a wancan zamanin yawancinsu daga cikin bayin sarki suke. Har gobe kana ganinsu da rigunansu ja da kore a hawan sallah. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903 ba su rushe su ba, don tsarin da suka zo da shi na mulki ta hannun sarakuna yana buƙatarsu, sai suka bar su a ƙarƙashin sarki, daga baya aka yanka musu albashi daga baitulmali. A tsakiyar shekarun 1920, daidai lokacin da ake karya ƙarfin manyan bayin fada, aka fito da wasu sababbin masu tsaron birni da ake ce wa 'yan gadi, daga nan kuma sunan 'yan doka ya zo ya zauna. Su ne 'yan sandan En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki: kaki, lamba, fareti, kulki, muƙamai irin na soja, amma albashi daga En'e, umarni daga fada, mai laifi kuma a kai shi gaban alƙali.

Shi kuwa ɗan sanda na gwamnati asalinsa can ne bakin teku. A Ikko aka fara, 1861, da wasu masu gadi su talatin, bayan 'yan shekaru wani Bature mai suna Glover ya tara dakarun da aka riƙa kira da sunan Hausawa, har ya kai su yaƙin Asante a ƙasar Gana ta yanzu. Kamfanin Neja ma ya yi nasa dakarun da hedikwata a Lakwaja. Ranar 1 ga Afrilu 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu suka zama rundunar 'yan sandan Najeriya guda ɗaya. To amma a Kano su waɗannan aikinsu ya fi yawa ne a waje, wajen unguwar Turawa da kantuna da layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911. Cikin ganuwa da ƙasar hakimai na 'yan doka ne. Haka aka tafi har soja suka karɓi mulki a 1966, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gobir ya duba maganar 'yan doka da gidajen yari na En'e, ya ba da shawarar a mayar da su hannun tarayya, zamanin Gowon kuma daga wajen 1968 aka shiga narkar da su cikin 'yan sandan Najeriya. An tace, wasu aka ɗauke su, wasu aka sallame su. Ka ga kenan in naka mutumin ya yi aiki kafin wannan lokacin, tambayar farko ita ce wa ke biyansa, En'e ko gwamnati. Amsar ita za ta nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Kafin ka je gurin kowa, samu takarda ka rubuta jerin sarakuna da shekarunsu ka sa a aljihu, don tsofaffinmu ba sa lissafi da shekarar Bature, da sarki suke lissafi. Abbas daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero wanda za ka ji suna ce wa Sarki Alhaji daga 1926 zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963, Inuwa 'yan watanni a cikin 1963 ɗin, sai Ado Bayero daga 1963 har 2014. Shi Ado ma ai yana tsakiyar labarin nan, don shi ne Wakilin Doka, wato shugaban 'yan dokan Kano, daga 1957 zuwa 1962, kafin a tura shi jakada Senegal, daga can ya dawo ya hau gadon sarauta. In tsoho ya ce maka "lokacin Ado yana doka aka ɗauke ni", to ka samu shekarunka biyar a hannu ba tare da ya ambaci lamba ko ɗaya ba. Ƙara wasu alamomin a takardar: rikicin Sabon Gari na watan Mayu 1953, zuwan Sarauniyar Ingila 1956, 'yancin kai 1960, kisan Sardauna 1966, ba da jihar Kano 1967, canjin hannu na tuƙi 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973. Da irin waɗannan za ka riƙa tambaya, kafin canjin kuɗi ne ko bayansa, Sardauna yana raye ko ya rasu, a hankali sai ka ga shekarar ta fito da kanta.

Sai babban aikin, wanda in ka ga dama ka ajiye komai ka fara da shi, wato zama da tsofaffi. Takarda tana jira, mutum ba ya jira. Yi lissafi da kanka, wanda ya shiga doka yana ɗan shekara ashirin a 1965 yau ya kai tamanin, 'yan kaɗan ne suka rage, kuma duk damina sai an rasa wasu. Dattijon nan da ya gane min hoton kakana zama uku kawai na samu yi da shi, na huɗun da na shirya zuwa gaisuwar rasuwarsa na je, Allah ya gafarta masa. Har yau akwai tambayoyin da na rubuta don shi suna nan a littafina.

Kar ka tsaya neman tsohon ɗan doka kaɗai. Matansu suna da labari, wani lokacin ma sun fi mazan riƙe abu, don su suka san nawa ne albashi da ranar da ake biya, da shekarar da aka yi musu canji zuwa ƙauye, da wanda suka haifa a can. 'Ya'yan da suka taso a bariki suna tuna sunayen maƙwabta da laƙabin kowane saje. Dogaran fada na yanzu da yawansu gadon gidansu ne, sun ji daga iyaye da kakanni. Akwai tsofaffin 'yan kasuwar Kurmi, da tsofaffin direbobi, da masu unguwanni, da waɗanda suka yi aikin kotun alƙali. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bi ta hannun mai unguwa ko limami ko wani ɗan gidan da ya san ka, kar ka faɗo wa mutum da rana tsaka da waya a hannu kamar ɗan jarida. Je da safe bayan ya karya ko bayan la'asar, ka riƙe goro ko turare ko ɗan abin da ya sawwaƙa, ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaida shi yadda ya kamata, Baba ina wuni, mun same ku lafiya, Allah ya ƙara girma. Zaman farko ma ba sai ka tambayi komai ba, ka faɗi ko kai ɗan waye, jikan waye, ka bar shi ya auna ka. In za ka ɗauki murya ka nemi izini ƙarara, ka ce "Baba, in ka yarda zan naɗi maganar don kar na manta", in ya ce a'a to a'a ɗin ce, ka ɗauko biro.

Tambaya kuma akwai yadda ake yinta. In ka ce wa tsoho "ba ni tarihin 'yan doka" zai ba ka magana uku ya yi shiru, ko ya ce ai zamanin da ya fi na yanzu, shi kenan. Ƙananan abubuwa za ka tambaya, su ke buɗe baki. Wa ya kai ka aka ɗauke ka, wa ya tsaya maka? An auna tsayinka? A ina kuka yi fareti kuna kurata, an kai ku kwalejin 'yan sanda ta Kaduna ko a nan gida aka koya muku? Albashin farko fam nawa da sule nawa, me ka saya da shi? Da me kuke goge bel da takalmi? In an ba ka igiya ta farko wa ke ɗaura maka? Sintirin dare daga wace ƙofa zuwa wace ƙofa, ku nawa, da fitila ko da tocila? In ka busa usur wa ke amsawa? In kun kama ɓarawo da tsakar dare ina zai kwana kafin gari ya waye? Ni da na tambayi dattijon nan maganar usur, sai ya karɓi na kakana ya goge bakinsa da gefen riga ya sa a baki, iskar ba ta ishe shi ba, sai wata 'yar ƙara siririya ta fito, ya yi dariya har da hawaye, daga nan ya yi kusan awa ɗaya yana ba ni labarin daren da suka bi wani mai satar jakuna, abin da da na tambaye shi kai tsaye ba zai tuna ba. Shi ya sa in kana da hoto ko wani abu na zamanin ka tafi da shi.

Ka riƙe kalmomin da suke faɗa yadda suka faɗe su, kofur, saje, samanja, sufeto, caji ofis, ankwa, sammaci, razdan, di'o, joji, kar ka gyara musu su koma Hausar rediyo, don su kansu kalmomin tarihi ne.

Yanzu ga inda abin yake da nauyi, kuma ina roƙon duk mai wannan aikin kar ya tsallake shi. 'Yan doka ba su bar suna mai daɗi a bakin kowa ba. Tun da aka kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yarin En'e su ne sandar da aka riƙa dukan 'yan adawa da ita. A hana izinin lacca, in an yi a watsa, a kama mutum a ce ya zagi sarki ko hakimi, a yi masa bulala ko a ɗaure shi wata kaza. Ga kuma karɓar haraji da jangali, wanda talakan ƙauye da Bafulatani in sun hango jar hula daga nesa sun san ba alheri ya kawo ta ba. Wannan ƙorafin yana cikin manyan dalilan da suka sa aka rushe tsarin gaba ɗaya. To in kakanka ɗan doka ne kamar nawa, zuciya za ta so ka ji mai daɗin kawai, yadda ake barin kaya a kasuwa a kwana ba a taɓa ba, yadda ɗan doka ɗaya da kulki zai kamo ƙato daga ƙauye ya taho da shi a ƙasa. Wannan ma ka rubuta shi, masu faɗa ba ƙarya suke ba. Amma dole ka nemi tsofaffin 'yan NEPU da 'ya'yansu ka zauna da su kamar yadda ka zauna da wancan. Na zauna da wani tsohon tela da aka ɗaure yana saurayi saboda ya je gurin lacca, yana cikin magana ya ɗage rigarsa ya juya min baya ya ce "duba nan", tabon yana nan shekara sittin da wani abu. Na faɗa masa gaskiya cewa ni jikan ɗan doka ne, ya ce ya sani tun kafin na zauna, kuma ya ci gaba da ba ni labarin. Na fita daga gidan nan jikina a sanyaye, amma da ban je ba da rabin tarihi zan rubuta. Shi kuma tsohon ɗan dokan kar ka tsare shi da "kun daki mutane ko ba ku daka ba", ka tambaye shi ranar lacca wane umarni ake ba su, daga bakin wa, in mutum ya ƙi bin umarnin me zai same shi. Da yawansu in sun yarda da kai da kansu za su faɗa.

Bayan ka tara na baki sai ka nufi takardu, kuma a nan ba makawa sai ka je Kaduna, don can ne gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa reshen Arewa yake. Fayilolin lardin Kano suna ƙarƙashin sunan da ake rubutawa Kano Prof, na ofishin sakataren Arewa kuma SNP. Za a ba ka littattafan jerin fayiloli ka duba da kanka ka rubuta lambar wanda kake so a ɗauko maka. Turawan ba su da rubutu ɗaya na sunayenmu, don haka ka nemi Dogarai, ka nemi Yan Gadi, Yan Doka, da N.A. Police, har da inda aka haɗa su da gidan yari. Abu biyu sun fi amfani a gurina. Na ɗaya rahoton shekara na razdan, wato Baturen da ke shugabantar lardi, a ciki akwai sashen 'yan doka da laifuffuka da gidan yari. Na biyu kasafin kuɗin En'e na kowace shekara, wanda mutane ke rainawa don lambobi ne kawai, alhali a nan za ka ga mutum nawa ne a kowane muƙami da abin da ake biyan kowa, in ka jera na shekara goma sai ka ga yadda rundunar ta girma da idonka. Tafi da katin shaida, in kai ɗalibi ne karɓi wasiƙa daga sashenku, ka je da wuri, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ka ɗaga waya, kuma duk shafin da ka ɗauka ka rubuta lambar fayil da shekara nan take, in ka ce sai ka koma gida to sun cakuɗe kenan. Takardun sun tsufa, wasu kana taɓawa suna karyewa, ka juya su a hankali don akwai mai zuwa bayanka. Tunda kana Kaduna ka leƙa Arewa House, tsohon gidan Sardauna, akwai laburare da takardu a can ma.

Sai dai ka karanta su da wayo. Bature ne ya rubuta wa Bature, abin da ya dame shi haraji ya shigo, gari ya yi shiru, na sama da shi ya ga yana aiki. In ya rubuta cewa dogarai ba su da tarbiyya, ka tambayi kanka ko yana share fagen kawo wani sabon tsari ne, in ya rubuta cewa komai lafiya a shekarar da tsofaffi suka ce maka an sha wuya, to ka rubuta duka biyun ka faɗi wa ya ce me. Wasu takardun majalisar sarki da na alƙalai da Larabci suke ko da ajami, in ba ka iya ba ka nemi malami ya zauna da kai, ka biya shi haƙƙinsa.

A Kano kuma akwai hukumar tarihi da al'adu ta jiha, da gidan tarihi na Gidan Makama mai tsofaffin hotuna, da Gidan Ɗan Hausa, da Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, in ɓangaren NEPU kake nema. Kar ka manta da laburaren Jami'ar Bayero, musamman rubuce-rubucen kammala digiri na sashen tarihi, don ɗaliban shekarun baya sun yi hira da mutanen da yanzu ba sa duniya, kuma a ƙarshen aikin suna rubuta wanda suka zanta da shi da unguwarsa, wannan kaɗai zai iya kai ka gidan da za ka samu jikoki. Cikin masana, Farfesa Tekena Tamuno ya yi littafi a kan tarihin 'yan sandan Najeriya da ya fito a 1970, Kemi Rotimi kuma ya yi nasa a kan 'yan sandan En'e, su biyun za su ba ka ƙashin bayan labarin, naman kuwa sai ka nemo da kanka.

Tsofaffin jaridu ma hanya ce. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939 daga Zariya, a cikinta akwai labaran larduna da wasiƙun masu karatu, a nan za ka ji muryar mutanen gari da Hausarsu. New Nigerian ta fara a 1966, ta kama lokacin haɗewar kenan. Jarida ba a karanta ta daga farko zuwa ƙarshe, shekara za ka yi ba ka gama ba, ka zaɓi ranakun da ka san an yi wani abu ka duba sati biyu kafin da sati biyu bayan. Misali rikicin Mayun 1953, wanda aka kwana huɗu ana yi tsakanin Fagge da Sabon Gari, hukuma ta ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. A irin wannan ranar ne za ka ga 'yan doka da 'yan sandan gwamnati da soja duk a fili guda, ka ga wa ke ba wa umarni.

In bincikenka zai gangaro bayan haɗewa to labarin ya zama na rundunar tarayya a jihar Kano, hedikwata a Bompai. Gwamnan farko na jihar ma ɗan sanda ne, Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, shi kansa ɗan bariki ne don mahaifinsa ɗan sanda ne. Akwai rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a 'Yan Awaki, wanda ya fi ƙarfin 'yan sanda sai da aka kawo soja, alƙaluman hukuma suka ce mutum 4,177 suka mutu, kuma an kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Aniagolu, rahotonsa abin nema ne. Akwai makarantar horar da manyan jami'ai a Wudil. Akwai ranar Juma'ar nan, 20 ga Janairu 2012, da aka kai hari hedikwatar shiyya ta ɗaya da Bompai da wasu caji ofis a yammaci ɗaya, mutum sama da 180 suka rasu, da yawanmu mun ji ƙarar da kunnenmu, kuma iyalan 'yan sandan da suka mutu a ranar suna nan cikin gari, in za ka je gurinsu ka je da tausasawa. Sannan ka lura da yadda jiha ta riƙa kafa nata masu kaki, Hisbah da dokar 2003, daga baya KAROTA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa, ga 'yan sintirin unguwanni. Ni a ganina duk mai son sa baki a muhawarar 'yan sandan jihohi da ake ta yi yanzu, ko yana goyon baya ko yana adawa, ya kamata ya fara sanin yadda aka yi da 'yan doka, don mun taɓa yin namu na gida, mun ga amfaninsa, mun kuma ga abin da ya zama da ya shiga hannun masu mulki a lokacin siyasa.

Ware rana ɗaya ka taka da ƙafa. Fara daga Ƙofar Kudu, ka zaga ta Kurmawa inda gidan yari yake, ka shiga Kurmi, ka fita ta Ƙofar Mata ka bi ta Fagge zuwa Sabon Gari, in da ƙarfi ka ƙarasa Bompai, sai ka ji a jikinka nisan da ke tsakanin ikon sarki da ikon razdan. In ka samu tsoho mai ƙwari ka ɗauke shi a mota ya riƙa nuna maka, a nan kaza yake, a nan muke tsayawa. Amma don Allah kar ka ɗaga waya ka ɗauki hoton caji ofis ko bariki ko gidan yari ba da izini ba, tun bayan 2012 ba a wasa da wannan, in kana son shiga ka rubuta wa kakakin rundunar wasiƙa ka jira amsa.

Abin da ka samo kuma ka adana shi da kyau. Tsohuwar takarda kar ka kai ta a manne ta da leda mai zafi, lalata ta yake yi, kuma ba ta ƙara fitowa. Buɗe ta a hankali, ka ɗauki hotonta gaba da baya a inda haske yake, ka sa ta a ambulan a shimfiɗe, ka ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da danshi. Bayan hoto ka rubuta da fensir, ba da biro ba, sunan wanda aka gane da wanda ya gane shi da ranar. Muryoyin da ka naɗa ka tura su guri biyu ko uku, waya tana faɗawa ruwa, kuma ka mayar wa iyalin tsohon da kwafi, haƙƙinsu ne. In za ka sa wani abu a Facebook ka tambaye su tukunna, kuma in an ambaci sunan wani da laifi ko cin hanci ka cire sunan, jikokinsa suna nan a gari kuma shi ba ya nan balle ya kare kansa.

Ita takardar cikin adakar, da muka buɗe ta a kan tabarma muka haɗa gida huɗun, ta sallama ce daga aiki, da hatimin En'e a ƙasa da lambarsa da muƙaminsa na kofur. Cikin samari bakwai na hoton nan an gane min huɗu zuwa yanzu. Na wanke kwafi goma na rarraba wa masu unguwanni da wani dogari da ya yi min alƙawarin zai nuna wa mahaifiyarsa, ranar Asabar bayan la'asar zan koma na ji abin da ta ce.